Kwamfutar da ke mutuwa ta tashi da kanta: littafin aikin gyara a Badariya, Birnin Kebbi

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Kwamfutar tebur ce a wani shagon buga takardu da zanen katin biki. Ƙorafin mai shagon guda ne: ana tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi, fanka ta ɗan sassauta, sai ga ta tana lodi daga farko kamar wani ya danna mata maɓalli. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau huɗu. An yi mata fomatin har sau biyu tun watan Fabrairu, an zuba Windows sabo, ba ta daina ba. Wannan kaɗai ya isa a karkata zargi zuwa ƙarfe, wato kayan da ke cikin kwamfutar, da wuta.

Haɗin hannu ce, ba ta kamfani ɗaya ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel Core i5-4570, ram DDR3 guda biyu masu gigabait 4 kowanne, SSD mai gigabait 240, had-disk mai terabait 1 na ajiyar aikin kwastomomi, katin hoto GTX 750 Ti, Windows 10. Fawa-fak, wato akwatin da ke mayar da wutar bango irin wadda kwamfuta ke ci, an rubuta masa wat 450.

Hanyar wutarta kuwa: daga soket ɗin bango zuwa stabilaiza, daga nan zuwa ƙaramar UPS mai 650VA, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, sannan ekstenshan mai baki huɗu. A jikin ekstenshan ɗin akwai kwamfutar, da sikirin, da firinta ta leza, da cajar waya. Injin fotokofi yana soket na kusa, amma waya ɗaya ce ta kawo musu wuta. In an ɗauke wuta sai a tada janareta a juya canji-oba.

Ba mu ɗauke ta zuwa teburin gyara ba, kuma da gangan ne. Irin wannan ciwo yakan ɓuya da zarar an raba kwamfuta da wutar da ta saba sha, ta kwana uku a wurin mai gyara lafiya lau, a mayar da ita ta koma gidan jiya.

Abu uku aka yi yau. An kwashe aikin kwastomomi zuwa wani disk na waje, don kowace mutuwar ba-zata tana iya lalata fayil ɗin da ake rubutawa a lokacin. An hana Windows tashi da kansa in ya faɗi: a danna maɓallin Windows da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, a ƙarƙashin Startup and Recovery a cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga yanzu in Windows ne ya faɗi, shuɗin allo zai tsaya a karanta abin da ya rubuta. In kuwa ta ci gaba da tashi babu shuɗin allo, to Windows bai ma san abin da ya same shi ba.

Na ukun shi ne Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da shi, kowane iri da lambarsa. A cikin Windows Logs, sashen System, mun tace lambobi huɗu: 41, 1001, 1074 da 6008. Tun fomatin na ƙarshe, kwana 26 ke nan, lamba 41 ta Kernel-Power ta fito sau 23. Mutane da yawa suna ganin 41 su ce ai ga amsa nan, matsalar wuta ce. Ba haka take nufi ba. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Amsar tana cikin Details, a layin BugcheckCode. Sau 21 sifili ne, wato babu shuɗin allo, babu abin da aka samu damar rubutawa. Sau biyu kuma 292 ne. Event Viewer yana rubuta lambar da ƙidayar yau da kullum, in aka juya ta zuwa ƙidayar heksa ita ce 0x124, wadda furosesa ke tayarwa in ta ga kuskure a ƙarfe. Zafi na iya jawo ta, wuta marar tsafta ma haka.

Lokacin da ke jikin 41 lokacin sake tashi ne. Kimanin lokacin mutuwar yana cikin bayanin 6008. An bar wa yaron shagon littafi da biro: duk sanda ta mutu ya rubuta ƙarfe nawa, wutar gari ce ko janareta, da abin da ake yi a shagon a daidai lokacin, ko da fanka aka kunna.

Talata, 8 ga Afrilu

Lokutan da ke cikin 6008 sun taru tsakanin ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma. Bazara ce, rufin shagon kwano ne babu silin, ma'aunin da muka rataya a bango ya nuna digiri 41 da azahar. Dole a fara da zafi.

HWiNFO, manhajar duba zafi, ya nuna furosesa a digiri 58 ba ta aikin komai. Da aka ɗora mata Prime95, manhajar da ke sa furosesa aiki mai nauyi don gwaji, cikin minti biyu ta kai 100 ta fara rage gudu don ta tsira. Da muka buɗe murfin gefe, ƙurar hunturu ta yi kauri tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, ta dunƙule kamar audugar katifa, ana iya ɗago ta da yatsa a matsayin abu ɗaya. Cikin ƙafafu huɗu na roba da ke danne ƙarfen a kan madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, ɗaya ba ta shiga raminta ba. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe, yana farfashewa kamar busasshen laka.

An cire wayar wuta daga baya, an danna maɓallin kunnawa na sakan goma don ragowar wuta ta fita, an fitar da ita waje. Da bulowa aka hure ta, ana riƙe kowace fanka da yatsa. Fankar da aka bari bulowa ta juya ta fiye da kima tana iya lalata gindinta. An goge tsohon man da tsumma mai tsafta da sifirit, aka ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake ƙarama, ba a shafa ba, ƙarfen ne zai baza shi. Ƙafafun nan huɗu a danna su biyu-biyu, kusurwa da kishiyarta, har kowace ta yi ƙas, sannan a leƙa bayan madabod a tabbatar kan kowace ya fito.

Bayan an haɗa: digiri 45 a zaune, 78 bayan minti ashirin na Prime95. Bambanci mai yawa ne, kuma mai shagon ya so a tsaya nan. Sai dai furosesar Intel in zafi ya yi mata yawa, rage gudu take fara yi, in abin ya gagara ta kashe kwamfutar ɗungurungum ta zauna a kashe. Ba ta saba mutuwa ta tashi nan take ba. Mai yiwuwa zafin ne ya jawo 0x124 ɗin nan biyu. Sauran 21 ɗin har yanzu ba su da uba.

An auna ƙaramin batirin madabod, CR2032, ya ba da bolt 3.0, agogo daidai yake, don haka lokutan da muke dogaro da su sahihai ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta mutu sau biyu yau, babu shuɗin allo ko ɗaya. Yaron shagon ya miƙo littafin yana cewa, "Injiniya, ta farko firinta na tura wa aiki, ta biyu kuwa wuta ce ta ɗan kifta." Abin da ya rubuta: 11:40, wutar gari, an tura shafi talatin, 3:15, wutar gari, stabilaiza ta yi ƙas-ƙas.

Kafin a bi wannan zaren, an kawar da ƙananan abubuwan da ba sa cin kuɗi. An zare wayar maɓallin reset daga madabod, ƴar siririyar nan mai rubutun RESET SW, don maɓallin da ƙura ta cika yana iya haɗuwa da kansa. An zare ram biyun an goge bakinsu da abin goge fensir, an mayar har maƙallan gefe suka rufe da kansu. An danna babbar wayar madabod mai baki 24 da ƙaramar mai baki 4 ta furosesa, an duba ko akwai alamar ƙuna a robarsu. Babu. CrystalDiskInfo ya ce disk biyun lafiya suke.

A cikin BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, Restore on AC Power Loss yana kan Power On. Ma'ana ko wutar ce ta yanke gaba ɗaya ta dawo, kwamfutar za ta kunna kanta, mai kallo ya ce ta yi ristat. An mayar da shi Power Off, don a bambance yankewar wuta ta gaske da girgizar da ba ta kai yankewa ba.

An bar MemTest86, manhajar gwada ram, daga filash ya kwana yana aiki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Da safe MemTest86 ya gama zagaye huɗu, kuskure sifili. Dare ne, shago a rufe, babu abin da ke jan wuta sai ita kaɗai.

Maimakon a cire filash ɗin, an sake tada gwajin aka bar shi yana tafiya, sannan aka kunna firinta daga makunninta. Firintar ta fara ɗumama kanta, fitilar shago ta ɗan dusashe, UPS ta yi ƙara sau ɗaya, allo ya yi baƙi, ta tashi daga farko. A lokacin Windows ba ya ma aiki, ko loda shi ba a yi ba. Zancen bairos da direba da fomatin ya ƙare a nan.

An maimaita sau goma, ana kashe firintar a bar ta ta huce minti biyar sannan a kunna. Kwamfutar ta faɗi sau huɗu, kuma duk huɗun tashi ta yi da kanta, duk da BIOS yana kan Power Off. Wutar ba ta yanke gaba ɗaya ba ke nan, nutsewa ta yi na ƙiftawar ido. An gwada da injin fotokofi, sau goma, ta faɗi sau ɗaya. Yanzu muna da hanyar kiran ciwon duk sanda muke so, ba sai an zauna jiransa ba. Duk wani abin da za a canza daga yau, da wannan gwaji na kunnawa goma za a auna shi, kuma abu ɗaya za a riƙa canzawa a lokaci guda.

Dalilin firinta a fili yake. Firinta ta leza tana da abin ƙona hoda a jikin takarda, kamar dutsen guga ne a cikinta. A zaune ba ta cin komai, amma lokacin ɗumama tana fizgar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. UPS mai 650VA kuwa abin da take iya ɗauka na gaskiya bai kai wat 400 ba. Masu ƙera UPS da kansu suna hana a ɗora mata firinta ta leza. Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, tunda fotokofi ba ya kan UPS kuma shi ma ya kayar da ita, kuma kiftawar wuta ta jiya ba ta da alaƙa da firinta.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Aikin rabin yini. An auna wutar bango da mita duk bayan rabin awa daga 9 zuwa 12:30. Ta yi ta yawo tsakanin bolt 168 da 205, alhali 230 ake so. Bayan stabilaiza 218 zuwa 236, ita tana aikinta. Sai dai irin mai rile ce, duk sanda ta yi ƙas ɗin nan tana sauya mataki, kuma a tsakanin sakin wannan da kama wancan akwai ɗan gibi. Lafiyayyen fawa-fak bai kamata ya ji shi ba.

An cire firinta daga ekstenshan ɗin UPS aka kai ta wani soket. Kunnawa goma, ta faɗi sau ɗaya. An samu sauƙi, ba a warke ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau ranar fawa-fak ce. Wat 450 ɗin da ke jikinsa ado ne. A takardar gefensa, layin bolt 12 an ba shi amfiya 16, wato wat 192, kuma kusan duk abin da ke cin wuta a kwamfutar zamani daga wannan layi yake sha. Furosesa wat 84, katin hoto wat 60, a ƙara had-disk da fankoki, an doshi 170. Ko yana sabo a bakin iyakarsa yake aiki, balle ya sha zafin bazara shekara da shekaru. A hannu ma ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da babu komai ciki.

Ma'aunin ATX, ƙa'idar da ake ƙera irin wannan fawa-fak a kanta, ya yarda kowane babban layi ya kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Waya ruwan ɗorawa bolt 12 ce, daga 11.4 zuwa 12.6. Ja bolt 5, daga 4.75 zuwa 5.25. Ruwan lemo bolt 3.3, daga 3.14 zuwa 3.47. Baƙa ita ce ƙasa. Wannan tsarin launi na fawa-fak irin na gama-gari ne. Da yawa daga kwamfutocin ofis ƴan Beljiyam da ke kasuwa suna da nasu bakin waya na daban mai baki 6 ko 8, kada a bi launi a kansu da ka.

Ana aunawa kwamfutar tana kunne, tana aiki. Fawa-fak da aka cire aka tada shi kaɗai ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa zai juya fanka ya ba da lambobi masu kyau, domin babu kaya a kansa. Hanya mafi aminci ita ce a sami rarar bakin waya mai rami huɗu irin na tsohon had-disk, a soka baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan a ruwan ɗorawa ko ja. Hannu ya tsaya cik, tsinke ɗaya in ya zame ya haɗa rami biyu an yi ɓarna.

Abin da aka samu: a zaune 11.9 da 5.12. Da aka ɗora Prime95 da FurMark, mai sa katin hoto aiki mai nauyi, tare, layin 12 ya sauko 11.2, layin 5 ya hau 5.28. Duka biyun sun fita iyaka. Hawan 5 yayin da 12 ke sauka alama ce ta fawa-fak mai araha wanda ke sarrafa layukan biyu a dunƙule. A daidai wannan lokaci manhajar da ke karanta na'urar madabod tana nuna 12.1 ba ta motsi. Mita za a gaskata.

Akwai abin da mita ba ta gani. Wutarmu tana zagaye 50 a sakan, kowane zagaye milisakan 20. Ana so fawa-fak ya riƙe wutarsa kimanin milisakan 16 bayan ta bango ta yanke, da abin da manyan kafasitocinsa, ƴan gwangwanayen da ke ajiye wuta, suka tara. Ƙananan UPS sukan ɗauki ƙasa da milisakan 10 kafin su juya zuwa batir. Wato an bar tazara don fawa-fak ya haye gibin. In kafasitocin sun bushe, tazarar ta tafi. Akwai waya mai launin toka a cikin masu baki 24 wadda fawa-fak ke shaida wa madabod da ita cewa wuta lafiya. Da zarar layukan sun nutse sai ya janye shaidar, madabod ya tsayar da furosesa nan take, wuta ta daidaita, komai ya fara daga farko. Abin da mai shago ke gani ke nan, kuma shi ya sa Windows ba ya samun ko damar rubuta wasiyya.

An kashe makunnin soket ɗin bango don a ga yadda UPS za ta karɓa. Ta yi ƙara, kwamfutar ta faɗi. Sau uku, duk ukun haka. A makunni ake kashewa, ba a zare filogi ba, don kada a raba kayan da wayar ƙasa.

Litinin, 14 ga Afrilu

An saka fawa-fak na gwaji wanda aka san lafiyarsa, ba a taɓa komai ba sai shi. Layin 12 ya tsaya 12.1 a zaune, 11.95 da cikakken kaya. Kunna firinta sau goma, ba ta faɗi ba. Fotokofi sau goma, ba ta faɗi ba. Don a tabbatar, an mayar da tsohon aka sake gwajin, a kunnawa ta shida ta faɗi. An sake mayar da na gwajin.

An buɗe tsohon bayan an cire shi. Wanda bai saba ba kada ya buɗe: manyan kafasitocin ɓangaren shigar wuta suna tara sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya. Ko mu sai da aka auna aka ga sun sauke kafin a sa hannu. A ɓangaren fitar wuta, kafasita uku sun kumbura, kansu ya yi tudu maimakon ya kwanta, ɗaya ta tsage ta fitar da wani abu ruwan ƙasa da ya bushe a samanta kamar tsatsa. Fankarsa in an tura ta da yatsa rabin juyi take yi ta tsaya. Masu ƙera irin waɗannan kafasitoci suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsu biyu. A shagon kwano, da fanka mai ciwo, ba abin mamaki ba ne.

Ana iya canza kafasitocin, amma layin 12 ɗinsa zai ci gaba da zama wat 192. Shawararmu ga Alhaji mai shagon ita ce a sayi sabo, kuma wajen saye a manta da babbar lambar da ke kan kwali, a duba amfiyar layin 12 ta kai 30 ko fiye. An yi saƙonsa daga Sakkwato.

Gwajin kashe makunnin bango da fawa-fak mai kyau: wannan karon kwamfutar ta haye juyawar, amma bayan sakan 25 UPS ta yi dogon kuka ta mutu. Kwamfutar ta zauna a kashe. Ashe UPS ɗin ma da nata.

Talata 15 da Laraba 16 ga Afrilu

Batirin UPS guda ne, bolt 12, 7Ah. A mita ba kaya ya nuna 12.7, wanda zai sa mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. Da aka jona masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, kafin minti ɗaya ya sauko 10.1. Gefensa ya ɗan kumbura. An saka sabo irinsa, aka bar shi ya yi caji awa takwas kafin a gwada. Da kwamfuta da sikirin kaɗai ya riƙe minti 6. Ba a yi ta don a ci gaba da aiki ba, an yi ta ne don a adana fayil a tada janareta.

Sabon fawa-fak ya iso ranar Laraba. An saka, an maimaita duk gwaje-gwajen, har da na kashe makunnin bango sau biyar. Wannan na ƙarshen ba na tsallakewa ba ne: wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da wutar da ƙananan UPS ke fitarwa daga batir, wadda ba santsin zagaye gare ta ba, mataki-mataki ce. Wannan ya karɓa lafiya.

Da mai wayarin ya buɗe soket ɗin bango, sukurun waya ɗaya a kwance yake, robar da ke kewaye da shi ta yi baƙi, wayar kuma mai kauri 1.5 ce irin ta fitila, ita ke ɗauke da fotokofi da komai. Ramin wayar ƙasa babu komai a ciki. Shi ya sa jikin kwamfutar ke ɗan cizon hannu in an taɓa shi ba takalmi, mita ma ta nuna kusan bolt 100 tsakaninsa da ƙasa. An ja sabuwar waya mai kauri 2.5 daga akwatin rarraba wuta zuwa fotokofi da firinta, kwamfuta ta zauna a nata layin, an kafa sandar ƙasa a bayan shago aka haɗa. An jefar da ekstenshan ɗin, kwamfuta da sikirin sun shiga bayan UPS kai tsaye. An mayar da wayar reset.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kira da rana: ta sake. A Event Viewer babu sabuwar 41. Lamba 1074 ce, wadda ke nuna wata manhaja ce ta nemi a sake kunnawa bisa ƙa'ida, kuma bayaninta ya nuna Windows Update ne ya gama saka sabuntawa. Yaron ya fita sallar azahar, ya dawo ya tarar da ita a allon shiga. An saita Active hours daga 8 na safe zuwa 10 na dare don kada ya ƙara yi a lokacin aiki.

Talata, 22 ga Afrilu

Ta mutu da ƙarfe 2:50, kuma wannan karon 41 ce mai sifili. Amma ba ta tashi da kanta ba, sai da aka danna. Littafin yaron ya ce: janareta, fotokofi na aiki, UPS tana ta ƙara tun ɗazu.

An tada janaretan aka sa mita a ma'aunin zagayen wuta. Ba kaya 49, da fotokofi ya kama aiki ya faɗo 45 zuwa 46, ana jin injin yana nishi. Irin waɗannan ƙananan janareta sai injin ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da zagaye 50. In ya yi ƙasa da yawa, UPS tana ƙin wutar ta koma batir, ta yi ta ƙara, ga fitilu a kunne kowa ya ɗauka ƙarar banza ce, har batirin ya ƙare. Mai gyaran janareta ya wanke soson iska da ƙura ta toshe, ya canza fulogi, ya ɗaga sukurun gwamna, mai daidaita gudun injin, har ya zauna 52 ba kaya, 50 da fotokofi. An yi kwafi hamsin a jere, UPS ba ta yi ƙara ba.

An gaya wa yaron: in UPS tana ƙara alhali akwai wuta, ya adana aikinsa ya tsayar da fotokofi, ba wai ya ƙara sautin rediyo ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kwana shida babu 41, babu 6008. 0x124 ba ta sake fitowa ba tun ranar da aka gyara ƙarfen sanyaya. Furosesa ba ta wuce digiri 74 a aikin yau da kullum ba, layin 12 yana 12.0 da kaya. An ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan benci, an bar taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango. An bar Automatically restart a cire, BIOS kuma a Power Off.

Saura biyu. Akwai kafasita ɗaya a madabod kusa da furosesa wadda samanta ya ɗan so ya tashi, an ɗauki hotonta don a gwada da yadda za ta kasance nan da wata biyu. Sannan Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma wannan furosesa ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, sai Alhaji ya fara tunani tun yanzu.

Za a dawo bayan ruwan farko a sake hure ƙura, a auna batirin UPS da ƙwan mota, a saka abin kare tsawa a layin kwamfutar. Littafin yana nan a ƙarƙashin kibod, yaron zai ci gaba da rubutawa.